Wuni Guda A Wongan Hills, Inda Motar Girbi Ke Jan Injin Ɗauri

Tun kafin mu sauka daga kwalta na fara hango su. Manya-manyan dammai ne na karan alkama masu kusurwa huɗu, a zube cikin gona a jere, tazarar da ke tsakanin wannan da wancan kusan ɗaya, kamar tubalan da magini ya shanya yana jiran su bushe. Babu mutum ko ɗaya a kusa da su, babu tarakta, babu amalanke. Sai can nesa, inda gonar ta haɗu da sama, wata ƙura mai launin zinariya tana tafiya a hankali. Abokin tafiyata, wanda ke karatun aikin gona a birnin Perth na jihar Yammacin Ostireliya, ya nuna ta da hannu ya ce ga abin da ya kawo mu.

Mun baro Perth bayan sallar asuba, a farkon watan Disamba. Tafiyar kusan kilomita 180 ce zuwa arewa maso gabas. Da farko tuddai ne da dazuzzukan itatuwan turare, daga nan ƙasa ta buɗe, ta zama fili fetal na alkama da sha'ir har iyakar ganin ido. A wannan sashe na duniya Disamba lokacin zafi ne. Ana shuka a Afrilu zuwa Yuni, amfanin gona ya sha ruwan hunturu, a girbe shi daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. Ruwan da ke sauka a yankin Wongan Hills a shekara bai cika kai milimita 400 ba, wato kusa da abin da Damagaram ke samu, ƙasar kuma jigawa ce mai rairayi. Wanda ya taso a arewacin ƙasar Hausa, in ya damƙi ƙasar nan ya saki, zai ji kamar ya san ta.

Garin kansa ƙarami ne. Babban titi guda, layin dogo a gefensa, shagunan dillalan injinan noma, sai rumbunan hatsi na CBH, ƙungiyar haɗin gwiwar manoma da aka kafa a 1933, wadda ke karɓar hatsin jihar ta kai shi tashoshin jiragen ruwa irin su Kwinana. Tireloli masu jan akwati biyu suna layi a bakin sikeli. Daga arewa maso yamma da gari akwai jerin tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai waɗanda garin ya samo suna daga gare su, sunan da asalinsa daga harshen Noongar ne, mutanen da ke zaune a ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Ba mu tsaya ba sai don sayen ruwa. Mai gonar da zai karɓe mu ya riga ya aiko cewa mu yi sauri, domin rana za ta yi zafi, kuma ba shi da tabbacin za a bar su su wuni suna aiki.

Ciyawar da aka shuka da hannu

Mai gonar dattijo ne da ya ba sittin baya, fuskarsa ta sha rana, hannuwansa duk tabon giris. Ya tarye mu a bakin gona cikin wata tsohuwar a-kori-kura mai ɗauke da tankin ruwa da famfon kashe gobara. Kafin ya kai mu wurin mota, sai ya durƙusa tsakanin layukan alkamar da ba a yanka ba, ya tsinko wata siririyar ciyawa da ta bushe, ya murje kanta a tafin hannu, ya miƙo mini. 'Ya'ya ne ƙanana, sun fi na acca tsawo. Ya ce, "Abokina, duk ƙarfen da za ka gani yau, saboda wannan ne."

Sunanta rayigiras. Ba baƙuwar da ta shigo da kanta ba ce. Kakanninsu ne suka shuka ta da gangan don kiwon tumaki, a zamanin da ulu ke riƙe da tattalin arzikin Ostireliya. A 1970 tumakin ƙasar sun kai miliyan 180. Da farashin ulu ya karye a farkon shekarun 1990, manoma da yawa suka rage garke suka mayar da makiyaya gonakin hatsi. Sai abincin tumakin jiya ya zama ciyawar da ke shaƙe alkama a yau, kuma tana nan birjik a miliyoyin hekta.

Da farko maganin feshi ya yi aiki. Amma ita wannan ciyawa iska ce ke ɗaukar ƙurar furenta daga wannan tushe zuwa wancan, saboda haka jininta a gauraye yake, kuma a cikin miliyoyin tsirrai ba a rasa 'yan ƙalilan da magani bai kashe ba. Su ne ke yin iri, 'ya'yansu su gaji taurin. Tun a 1982 aka tabbatar da rayigiras da ta gagari wani maganin a Kudancin Ostireliya. A 1996 kuma a Ostireliya aka fara samun ciyawar da ta jure wa gilaifoset a duk duniya, wato maganin nan da manomanmu ke fesawa kafin shuka, kuma ita ce dai rayigiras ɗin. Wannan ne ya sa aka kafa cibiyar bincike kan lamarin a Jami'ar Yammacin Ostireliya a 1998, ƙarƙashin Farfesa Stephen Powles.

Masu binciken sun gano lagonta. Lokacin da alkama ta isa girbi, fiye da kashi 80 cikin ɗari na 'ya'yan rayigiras suna nan maƙale a kanta, ba su zuba ba. Motar girbi tana yanko su tare da alkama, ta sussuka, ta sheƙe, ta ajiye hatsi a tanki, sannan ta watso kara da ƙaiƙayi ta baya. 'Ya'yan ciyawar suna cikin ƙaiƙayin nan. Ashe injin da manomi ya saya da kuɗi masu yawa shi ne ke yi masa yafin ciyawar baɗi, kuma yana yi daidai wa daida a ko'ina cikin gonar. Abin da ya rage shi ne a san yadda za a tare abin da ke fitowa ta bayan motar kafin ya taɓa ƙasa.

A nan Wongan Hills ɗin ne iyalan Shields, masu gonar Glenvar, suka fito da dabarar ɗaura injin ɗauri kai tsaye a bayan motar girbi, ta yadda kara da ƙaiƙayi za su zarce cikinsa a ɗaure su a take. Gwaje-gwajen da Dakta Michael Walsh da abokan aikinsa suka yi sun nuna cewa wannan hanya tana kwashe kusan kashi 95 cikin ɗari na 'ya'yan rayigiras da suka shiga motar. Gonar da muka ziyarta wata ce dabam, amma irin wannan haɗin ne suke aiki da shi.

Daga ina ƙarfin ke fitowa?

Da motar ta iso ƙarshen layi, ɗan mai gonar da ke tuƙi ya tsayar da ita ya kashe, ya sauko. Sai a lokacin na ga girmanta sosai. Bakin yankan da ke gabanta faɗinsa mita 12 ne. Tayoyin gaba sun fi ni tsawo. A nan ba sa kiranta da sunan da aka sani a Amurka ko Ingila, "heda" suke ce mata, sunan da ya bi ta tun zamanin injin da wani manomi mai suna Headlie Taylor ya ƙera ya nuna a garin Henty a 1914. A bayanta ga wani dogon bel mai faɗi, an rufe shi ta sama da gefe don kada iska ta kwashe ƙaiƙayi, ya gangara zuwa bakin injin ɗauri, wanda shi kaɗai nauyinsa ya doshi tan goma.

Tambayar da na zo da ita tun daga Perth ita ce ta ƙarfi. Injin ɗauri ba ya juya kansa. A al'ada tarakta ce ke jansa, kuma ita ke ba shi ƙarfi ta wani gajeren shaf da ke fitowa daga bayanta yana juyawa sau 1,000 a minti ɗaya, a haɗa shi da farfela zuwa giyabos ɗin injin. Motar girbi kuwa ba ta da wannan shaf a baya. Waɗanda suka zana ta ba su yi ta don ta ja komai ba. Duk ƙarfin injinta an riga an raba shi: wani ga wuƙar yanka, wani ga gangar sussuka, wani ga fanka da rariya, wani ga tayoyi. Hausawa na cewa ba a tauna taura biyu lokaci guda. Na gaya wa dattijon wannan magana, abokina ya fassara masa ma'anarta. Ya jinjina kai ya ce gaskiya ne, sai dai in bakin ya yi girma, kuma an san wadda za a fara fasawa.

Ya ce hanyoyi uku ne. Ta farko, a ɗora wa injin ɗauri nasa injin dizal a kan wuyansa, ya riƙa juya kansa, ita motar jan kawai za ta yi. Wannan tana da sauƙin haɗawa, kuma ba ta taɓa ƙarfin sussuka. Amma an ƙara nauyi, an ƙara tankin mai, an ƙara lagireto da matatar iska da za su riƙa toshewa, kuma mafi muni an ajiye salansa mai zafi a daidai inda ƙura da ƙaiƙayi suka fi kauri. Ta biyu, a jawo ƙarfin da ƙarfe, wato da bel da giya da farfela, tun daga injin motar har zuwa baya. Ita ce mafi ƙarancin asara, amma injin motar girbi a sama yake, kuma motar da tayoyin baya take juyawa. In ta karya kwana, gindinta kan yi wurgi gefe da nisa, kusurwar da ke tsakaninta da abin da take ja ta yi tsanani, farfela kuwa ba ta son a lanƙwasa ta da yawa tana cikin aiki.

Hanya ta uku ita suka bi, wato ta mai. Ya sa na hau tsani zuwa bayan motar, ya nuna mini wani famfon haidirolik da aka ƙara a jikin injin. Daga gare shi wasu tiyo baƙaƙe masu kaurin damtsen yaro suka gangara, suka bi ta gefen maƙalar da ta haɗa motar da injin ɗauri, suka ƙare a wata ƙaramar mota ta mai da ke zaune daidai inda farfelar tarakta ya kamata ta shiga. Famfo yana tura mai da ƙarfi, mai yana juya wannan ƙaramar mota, ita kuma tana juya injin ɗauri. Tiyo ba ruwansa da kwana, duk inda aka karya zai bi.

Ɗan nasa, wanda ya yi karatun kanikanci, ya zana mini lissafin a kan ƙurar da ke jikin tanki. Ƙarfin da mai ke ɗauka shi ne matsinsa a ninka da yawan da ke gudu. In matsi ya kai ba 300, ana tura lita 200 a minti, a ninka su a raba da 600, an sami kilowat 100, wato ƙarfin doki kusan 134. A injin da ke da doki ɗari huɗu da wani abu, wannan ba ƙaramin kaso ba ne. Kuma ba dukansa ke isa can baya ba. Tsakanin famfo da tiyo da ƙaramar motar, kusan ɗaya bisa biyar na iya zama zafi. Kilowat 20 ke nan, kamar a jona hita goma na dafa ruwa a tsoma su cikin tankin mai, a bar su tun safe har dare, a ranar da iskar waje kanta ta kusa kai digiri 40. Shi ya sa aka ƙara wata lagireto ta musamman don sanyaya mai, kuma ita ce abin da ake fara hurewa da iska kowace safiya.

Akwai inda suke samun ragi. Motar girbi ta yau tana da wata na'ura a baya mai daddatsa kara ta watsa shi, kuma tana cin ƙarfi sosai. Tunda yanzu karan ɗaurewa za a yi, sai a cire ta daga aiki, abin da take ci a mayar wa famfo. Haka kuma haƙoran da ke tsintar kara daga ƙasa a gaban injin ɗauri ba su da sauran aiki, domin karan ta sama yake zuwa. Amma akwai inda ake ƙara wa motar kaya. Don a kamo 'ya'yan ciyawa dole a yi yanka ƙasa-ƙasa, kamar santimita 10 zuwa 15 daga doron ƙasa, ba a tsinke zangarniya kaɗai ba. Kara mai yawa ke nan zai bi ta cikin gangar sussuka, ita ma ta nemi ƙarin ƙarfi daga wannan inji guda.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani faifan ƙarfe a gaban injin ɗauri, wanda kanikawanmu ke kira fulawil, mai nauyin ɗaruruwan kilo. Aikin ɗauri ba a miƙe yake ba, bugu ne. Akwai wani ƙaton madanni a ciki da ke kai da komowa sau arba'in da wani abu a minti, yana dannan kara cikin akwati. A mafi yawan zagayensa ba ya buƙatar komai, amma a daidai lokacin da ya ci karo da karan, ƙarfin da yake nema kan ninka sau da yawa. Da famfo ne zai biya wannan buƙata kai tsaye, da injin motar ya riƙa shaƙewa sau arba'in a minti, sussuka ta lalace. Faifan shi ne asusu. Yana tara ƙarfi kaɗan-kaɗan tsakanin bugu da bugu, ya sake shi gaba ɗaya in lokaci ya yi. Duk wadda ta taɓa daka ta san wannan: ba damtse kaɗai ke fasa hatsi ba, nauyin taɓarya ne da aka ɗaga aka saki.

A cikin ɗakin direba

Na zauna a 'yar kujerar gefe. Saurayin ya tayar da inji, ya bar shi ya ɗumama, sannan ya buɗe wa mai hanya a hankali. Ya ce faifan nan ba a fizgarsa, lallaɓa shi ake yi har ya kai gudunsa. Ta allon da ke nuna hoton baya na ga yana juyawa sannu-sannu, har ya koma kamar ba ya motsi saboda gudu. Sai aka saki wuƙa da ganga, motar ta shiga alkama.

Daga sama, gonar kamar ruwa take, tana kwantowa cikin bakin motar. Na'urar tauraron ɗan'adam ce ke riƙe da sitiyari a miƙaƙƙen layi, don haka idanun direba suna kan alluna. Guda yana nuna nauyin da ke kan inji, guda zafin mai, guda hatsin da ke zubewa ta baya. A ƙarƙashin ƙafafuna ina jin bugun madannin yana ratsowa ta maƙala, dum, dum, dum, kamar ana daka a gidan maƙwabta. In muka shiga inda alkama ta yi kauri, lambar nauyin inji sai ta haura, motar ta rage gudu. In muka fito inda yashi ya yi yawa alkama ta yi sirara, sai ta saki jiki. Na duba agogo ina ƙirgawa. Kusan kowane minti biyu, allurai shida kan taso su zagaye damin da igiya, a ƙulle, sabon dami ya tura tsoho, tsohon ya zame ta baya ya kwanta a ƙasa. Kowanne tsawonsa kusan mita 2.4, faɗi 1.2, tsayi 0.9, nauyinsa tsakanin kilo 400 da 500.

A ƙarshen layi ne ake gane gwanin tuƙi. Mota da bel da injin ɗauri sun yi tsawon da ba a karya su a gaggauce. Saurayin kan ɗauki kwana mai faɗi, idonsa a kan madubi, yana lura da tiyo. Ya ce abin da mutane ke mantawa shi ne ja ɗin kansa ma ƙarfi yake ci. Tan goma a kan rairayi, ga tanki cike da hatsi, in an zo hawa tudu, man da ke tura tayoyin motar ma kan yi zafi.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka ji wata ƙara, ƙararrawa ta kama, bugun da ke ƙarƙashin ƙafafuna ya tsaya. Wani curin ɗanyar ciyawa ne ya shiga gaba ɗaya. Saurayin bai damu ba. Ya kashe komai, ya jira faifan ya tsaya cak, ya ɗaura masa birki, sannan ya nuna mini wata kusa da ta karye gida biyu. An yi ta ne don ta karye. In kaya ya fi ƙarfin injin, ita ke sadaukar da kanta don giyabos ya tsira. Cikin minti goma sha biyar ya zare curin ya sa wata. Amma a cikin mintunan nan, girbin ma ya tsaya. Wannan shi ne babban aibin haɗin: in igiya ta tsinke, ko ƙulli ya kwance, ko kusa ta karye a baya, motar da ke kawo kuɗin shekara ita ma sai ta jira.

Da azahar iska mai zafi ta taso daga arewa. Saƙo ya shigo wayar dattijon daga ƙaramar hukuma cewa an hana girbi da zirga-zirgar injina a gonaki har sai yanayi ya sauya. Haka dokar take a nan, kuma ba a yi mata gardama. Boris ɗaya da ya yi zafi, ko ɗigon mai a kan salansa, ya isa ya cinye gonakin unguwa guda kafin a kawo ɗauki. Suka fitar da motar zuwa fili, suka hure ta da iska lungu-lungu. Ni da abokina muka yi alwala da ruwan gora, muka yi salla a inuwar wani dami, muna fuskantar arewa maso yamma. Karan yana ƙamshin sabuwar alkama. Na sa hannu na zaro kaɗan. Babu yashi ko tsakuwa a ciki, domin bai taɓa ƙasa ba kafin a ɗaure shi. A cikin ƙaiƙayin da ya biyo yatsuna na ga 'ya'yan nan ƙanana.

Bashin da ake ci wa ƙasa

A wannan zaman jira ne dattijon ya faɗi abin da ya fi zauna mini. Na tambaye shi, "Maigida, in dabarar tana da kyau haka, me ya sa ban ga dammai a gonakin maƙwabtanka ba?" Ya ce dalili biyu ne.

Na farko kasuwa. Dami sai an sami mai saye a kusa, domin kara abu ne mai cin wuri, kuɗin mota kan cinye ribarsa in tafiya ta yi nisa. Masu sayen nasa masana'antun abincin dabbobi ne da ke niƙa shi su cure shi ƙwaya-ƙwaya, da kuma wuraren turkar shanu da tumaki. Wani kaso na irin wannan abinci yana bin tumakin da ake lodi a jiragen ruwa daga Fremantle zuwa ƙasashen Larabawa, cinikin da majalisar ƙasar ta zartar da dokar rufe shi daga 1 ga Mayu, 2028. Kuma dami mai cike da 'ya'yan ciyawar da ta gagari magani ba abin da za a watsa a gonar wani ba ne.

Na biyu ƙasa. Mafi yawan sinadarin fotash da alkama ke zuƙa a cikin kara yake zama, ba a cikin ƙwaya ba. Da ya faɗi haka sai na tuna da tokar miya da iyayenmu mata ke tacewa daga tokar karan gero, ai shi ne wannan sinadarin. Duk damin da ya bar gona ya tafi da shi, ya tafi da abin da zai ruɓe ya zama taki, ya tafi da rufin da ke kare rairayi daga iskar bazara. Sai an saya an mayar. Saboda haka ba kowace shekara yake ɗaure kowace gona ba. Yana zaɓar wadda ciyawa ta fi ƙarfi a cikinta, ya share ta shekara biyu ko uku, ya matsa gaba.

Yawancin maƙwabtansa wasu hanyoyin suka bi. Akwai masu jan keken tara ƙaiƙayi, akwai masu zuba shi a siririn layi. Akwai kuma injin niƙan da Ray Harrington, manomi daga garin Darkan, ya fito da shi, wanda ke murƙushe 'ya'yan ciyawa ya mayar da garin ƙasa. Shi ma tambayar ƙarfi ce ta bi shi. Samfurinsa na farko ja ake yi a baya da nasa injin dizal, daga baya aka dasa shi a cikin motar yana ci daga injinta. Kowace hanya aka bi, lissafin ɗaya ne. Inji guda ne, ƙasa guda ce, abin da aka ba wannan an rage wa wancan.

Da la'asar sakaliya iskar teku ta iso daga yamma, zafi ya karye, aka ɗage hanin. Motar ta koma aiki. Garken wasu aku masu ruwan hoda da toka suka sauka a kan layin da aka yanke suna tsintar hatsi. Aka ci gaba har bayan isha da fitilu, sai da raɓa ta fara sauka. Kara ya yi laushi ya yi yauƙi, lambar nauyin inji ta haura ta ƙi sauka, saurayin ya ce ya isa haka, domin dami mai danshi yakan yi zafi a cikinsa har ya kama wuta.

A hanyar komawa na yi ta tunanin gonakin alkama na Kadawa da Kura, da na gero a ƙauyenmu. Mu ba mu taɓa barin kara ko harawa ko ƙaiƙayi a gona ba. Muna kwashe su da hannu da jaki da amalanke, mu yi danni, mu yi shinge, mu ciyar da dabbobi. Abin da mutanen nan suka kashe dukiya suka koma yi da famfo da tiyo, mu da shi muka tashi. Bashin da suke ci wa ƙasa ma muna cinsa, kuma gonar da ba a mayar mata da takin dabbobin da suka ci karanta ba, ita ce wuta-wuta ke mamayewa, ciyawar da tushe ɗaya nata ke zubar da dubban 'ya'ya. Babana yakan sa mu tuge ta tun tana fure mu fitar da ita bayan gona mu ƙone, ba ya yarda a bar ta a kan kunya. A lokacin muna ganin wahala ce kawai.

Kafin mu rabu, na buɗe tafin hannuna na nuna wa dattijon 'ya'yan rayigiras da ya ba ni da safe, waɗanda na ƙulle a gefen hankici. Ya karɓe su, ya taka zuwa damin da ke kusa, ya cusa su can cikin karan da babban yatsansa, sannan ya miƙo mini hannu muka yi sallama.